Kafin Majalisa Ta Sa Hannu: Wace Fitila Ta Dace Da Dandamalinmu?

Duk wanda ya halarci wasan kwaikwayon da muka yi a babban ɗakin taro a ƙarshen zangon da ya wuce ya san abin da ya faru, saboda haka ba tonon silili na zo yi ba. Ni ne wancan da ke tsaye can baya, a kan tebura biyu da aka haɗa, ina riƙe da fitilar nan mai bin ɗan wasa duk inda ya sa ƙafa. Masu sana'ar suna ce mata folosifot, ni kuwa a nan zan riƙa ce mata fitilar bibiya. Haya muka ɗauko ta. Ƙatuwa ce mai cin wat 1,200, sai da mu uku muka kama kafin ta hau kan ƙafafunta. Tun da rana yara ke kewaye ta suna cewa ta yi kama da igwa.

Wasan a kan shaye-shaye ne, kuma ba mu kaɗai muka shirya shi ba. Rabin 'yan wasan matasan unguwar da ke bayan makaranta ne: masu ɗinki, 'yan acaɓa, da wani mai gyaran waya. Wadda ta fito a matsayin uwa 'yar koyon ɗinki ce. Mako shida tana zuwa gwaji bayan la'asar, kuma sai da darakta ya taka har gida sau biyu kafin mahaifinta ya amince. A daren, mahaifiyarta na zaune a layi na biyu. Daidai wurin da uwar ke durƙusawa a kan ɗanta da ta tsinta a bakin kwata, inda aka tsara a kashe kowace fitila a bar tawa kaɗai a kan fuskarta, sai ɗif, aka ɗauke wuta.

Ba a yi minti ɗaya ba aka tada janareto. Lasifika ta dawo, ƙwayaye biyu na bayan dandamali suka dawo, fitilata kuwa ta ce ba ta san zancen ba. Na danna, na sake dannawa, shiru. Darakta ya rugo yana haki: "Haba Malam, me kake jira? Kunna mana!" Na ce, "Darakta, wallahi ta ƙi." Ashe irin wannan ƙwan, idan ya mutu da zafinsa, ba ya sake kamawa sai ya huce, kuma hucewar takan ɗauki mintuna da dama. Yarinyar nan ta yi jawabin da ta yi mako shida tana haddacewa, ba mai ganin fuskarta sai inuwa. 'Yan kallo ne suka ɗaga tocilan wayoyinsu. Da fitilar ta ga dama ta kama, fitowar ta riga ta wuce, kuma da aka saki kiɗan rufewa sai janareton ya yi gurnani ya mutu gaba ɗaya.

An yi ta yaɗa bidiyon tocilan nan a Facebook ana cewa abin ya burge. Ni dai ban ga abin burgewa ba. Abin da na gani shi ne wata uwa ta zo ganin 'yarta ta koma gida ba ta ga fuskarta ba, kuma mu da muke kiran kanmu ɗaliban fasaha ne muka jawo, don ba wanda ya tsaya ya yi lissafi kafin a ɗauko kaya.

Dalilin da ya sa na tuno da wannan dare shi ne, a zaman da majalisar wakilan ɗalibai za ta yi nan gaba kaɗan, za a yanke hukunci kan ɗan tallafin da aka ware wa ƙungiyar wasan kwaikwayo. Bakin mutane ya rabu biyu. Wasu na cewa a sayo irin waccan ƙatuwar, ta hannu, wato tokumbo, wadda wani dila ya ce zai bari a farashi mai sauƙi, sauƙin da zai lashe kusan dukan tallafin. Wasu kuma na cewa wasan kwaikwayo ɓata lokaci ne, a mayar da kuɗin wani wuri. Ni ban goyi bayan ko ɗaya ba. Ra'ayina shi ne a sayi ƙaramar fitilar bibiya ta LED, mai wat ɗari da wani abu zuwa ɗari biyu, a kashe sauran kuɗin kan abubuwan da za su sa ta yi aiki. Ba zan ambaci farashi ba, don tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo, kuɗin da ka ji yau ba shi za ka tarar ba ranar da mujallar nan za ta fito daga maɗaba'a. Zan yi magana ne kan abin da ba ya canjawa da farashin dala.

Da farko mu fahimci aikinta. Fitilar bibiya ba don haskaka dandamali aka yi ta ba. Yatsa ce. Aikinta ta ce wa mutum ɗari biyar, "Ku dubi nan." Tun a 1837 aka fara irin wannan a gidan wasa na Covent Garden da ke Landan, lokacin da ake gasa dunƙulen farar ƙasa da harshen wutar iskar oksijin da haidurojin har ya yi fari fat, mutum na tsaye yana juya shi. Daga baya aka koma gawayin lantarki, kamfanin Strong na Amurka ya fito da shahararriyar Super Trouper a 1956, aka zo zamanin ƙwan zinon, yau ga LED. Duk waɗannan manyan an ƙera su ne don filayen wasa da gidajen da nisan fitila da dandamali ke kai mita hamsin ko ɗari. Namu ɗakin fa? Na ari tef a sashen Gine-gine na auna da kaina: daga inda nake tsayawa zuwa tsakiyar dandamali mita 16 ne. Wanda zai tsallaka kwata ba ya hayar jirgin ruwa.

To, tambaya ta farko da ya kamata a yi wa duk mai sayarwa ita ce ta nisa da faɗi. Kowace fitila tana da kusurwar da haskenta ke buɗewa, ana auna ta da digiri. Lissafin ba wuya, ɗan ND 1 ma zai yi shi a bayan takardar jarrabawa: ka ninka digirin da nisan, ka sake ninkawa da 0.0175, ka sami faɗin da'irar. Fitila mai digiri 10 a nisan mita 16 za ta ba ka da'ira mai faɗin kusan mita 2.8, wato ta ɗauki mutum ɗaya daga kai har ƙafa da ɗan rara, ko mutum biyu da ke tsaye kusa da juna. Mai digiri 19 kuwa a wannan nisan za ta buɗe fiye da mita biyar, ta haɗa da labule da mai riƙe da makirfo a gefe. Mai shago zai ce maka, "Ai tana da ido, sai ka matse." Gaskiya ne, akwai wasu ƙananan ganyayen ƙarfe a ciki da ke tsukewa kamar ƙwayar idon mutum. Amma matsewar ba ta ƙara haske, tare shi take yi. Ka biya kuɗin haske ka zubar da fiye da rabinsa a cikin gwangwani. Abin da ya dace da ɗakinmu shi ne mai digiri tsakanin 8 da 12, ko wadda ake iya zuƙowa da sakewa a wannan tsakanin.

Haɗe da wannan akwai dokar da muka koya a Fiziks muka manta bayan jarrabawa: idan nisa ya ninka biyu, haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Fitilar da ke ba da laks 1,000 a mita 10, a mita 20 laks 250 za ta bayar, a mita 16 kuwa kusan 390. Don haka kar a ruɗe mu da adadin wat ko lumen da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali. A tambaya: laks nawa take bayarwa, a nisan mita nawa? Kamfanin kirki yana rubuta wannan a takardarsa. Wanda bai rubuta ba, ya san abin da yake ɓoyewa. Kuma wannan dokar tana da alheri ga talaka: matso da fitila kusa kyauta ne. Idan muka gina wurin tsayawa a mita 11 maimakon 16, mun ninka hasken ba tare da ƙarin ko sisi ba.

Tambaya ta biyu, wadda ta kashe mu a wancan dare, ita ce ta wuta. Janareton ƙungiya 2.5 kVA ne, wato abin da zai iya ɗauka da gaske bai wuce wat 2,000 ba, shi ma in yana cikin ƙoshin lafiya. Ƙatuwar fitilar nan ba wat 1,200 ɗin kaɗai take ci ba, akwatin da ke tada ƙwan shi ma yana da nasa rabon. Ka ɗora amfilifaya da na'urar haɗa sauti da sauran ƙwayaye, ka ga inda gurnanin ya fito. Fitilar LED mai wat 120 kuwa, a wutarmu ta bolt 230, kusan rabin amfiya take ja. Batirin bolt 12 mai amfiya-awa 100 da ƙaramar inbata za su riƙe ta kamar awa huɗu ba tare da an tatse batirin ba. Wasanmu mafi tsawo bai kai awa biyu ba. Ma'ana, ko an ɗauke wuta, ko janareto ya yi fushi, fuskar ɗan wasa ba za ta ɓace ba. Ko da ta mutu ma, da ka kunna ta kama, babu zancen jiran hucewa. Mu da muka ga yadda yawancin jihohin Arewa suka yi kwana da kwanaki cikin duhu a watan Oktoban 2024, bai kamata a ce sai an yi mana wa'azi kan wannan ba.

A kan tokumbo kuma akwai wani tarko. Kayan da suka fito daga Amurka an yi su ne don bolt 120 da has 60, mu kuwa bolt 230 ne da has 50. Wasu na'urorin zamani suna karɓar duka biyun, amma tsofaffin da yawa ba sa karɓa. Ka jona ba ka duba ƙaramin allon da ke bayanta ba, sai dai ka ji ƙauri. Wanda duk za a aika kasuwa, ko Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas, ya fara juya kayan ya karanta bayansa kafin ya tambayi kuɗi.

Tambaya ta uku: idan ta lalace, wa zai gyara, da me? Kuɗin fitila ba ranar saye yake ƙarewa ba. Ƙwan irin waccan ƙatuwar 'yan ɗaruruwan awoyi yake yi, kuma tokumbo ba ta zuwa da takardar shaidar awa nawa ta riga ta ci. Sayen kifi a ruwa ke nan. Sabon ƙwai da dala ake shigo da shi, ba kuma a kowane shago ake samunsa ba. Ko ƙwan halojin na fitilun dandamali, wanda ya fi sauƙin samu, nau'insa mai haske sosai awa 300 aka ƙiyasta masa, kuma in ka taɓa gilashinsa da yatsa maiƙon hannunka ya rage masa kwana. LED kuwa masu ƙera ta suna maganar dubban awoyi ne. Ban ce ba ta mutuwa ba. Maƙiyanta biyu ne, kuma duka muna da su a wadace: zafi da ƙura. Idan ƙurar hunturu ta toshe fankar da ke sanyaya ta, sannan zafin Afrilu ya zo, za ta dushe ta mutu tun ba ta tsufa ba. Amma maganin wannan riga ce ta yadi da za a ɗinka mata, da hure ƙura bayan kowane wasa. Abin da kuma ya fi saurin lalacewa a cikinta, fanka da akwatin wuta, abubuwa ne da ɗan HND a sashen Lantarki zai iya canjawa.

Akwai batu na huɗu da ba za ka ji shi a bakin mai shago ba, kuma a wurina ya kusa fin sauran muhimmanci: fatarmu. Yawancin fitilun LED masu araha farinsu mai sanyi ne, ya karkata zuwa shuɗi, kelbin 6,000 ko fiye. Ka haska shi a fuskar baƙin mutum sai ka ga ya yi furu-furu kamar wanda ya kwana a gidan burodi, jan zane ya koma ruwan hanta. Hasken ƙwan halojin, kelbin 3,200, ya fi ɗumi, ya fi yi wa fatarmu adalci. Saboda haka a nemi LED mai farin da ke da ɗumi, ko wadda makinta na fito da launi, abin da suke rubutawa CRI, ya kai 90. In ba a samu ba, a tabbatar tana da wurin saka ledar launi a gaba, a sayi mai ruwan zuma mara kauri da mai ruwan hoda, irin na Lee ko Rosco. Hanyar gwaji kuwa ɗaya ce: kar a haska bango. A tafi da wanda ya fi kowa duhun fata a ƙungiya, ya sa farar riga, ya tsaya a nisan mita 16, a duba fuskarsa. Sannan a ɗauki bidiyo da waya a rage hasken a hankali. Idan ka ga layuka suna gudu a fuskar wayar, to haka za su gudu a duk bidiyon da za a ɗora a TikTok. A kuma kasa kunne: fankar da ke ƙara kamar injin markaɗe za ta kashe duk wata fitowa ta shiru.

Yanzu bari in saurari masu ja da ni, don suna da hujjoji, wasu ma masu ƙarfi.

Wani kwamared ya tare ni a kantin shayi ya ce, "Kwamared, araha fa ba ta ado. Ranar da manyan baƙi suka zo, wannan 'yar tocilan taka za ka nuna musu?" Na ce masa, "Kwamared, baƙo ba bayan ɗaki yake kallo ba, dandamali yake kallo." Amma akwai gaskiya a cikin maganarsa da ba zan ɓoye ba: ƙaramar LED ba za ta yi gogayya da dandamalin da aka cika da haske ba. Idan an kunna komai, da'irarta za ta nutse. Kuma ranar da aka fita filin ƙwallo don babban taro, ba za ta kai ba. Amsata ita ce, na farko aikin mai tsara haske ne: in kana so a ga wata, sai ka rage fitilun titi. A rage sauran haske lokacin da ake buƙatarta. Na biyu kuwa, babban taron fili sau ɗaya ne a shekara. A yi haya ranar. Ba a sayen babbar mota don ƙaura ɗaya.

Wasu kuma suka ce to me ya sa ba za a ci gaba da hayar ba kawai? Don zanen aro ba ya rufe katara. Kayan haya da yammacin ranar wasa yake isowa, gobe da safe a zo a ɗauka. Mai riƙe da fitila bai taɓa gwaji da ita ba. Ni a wancan dare, awa biyu kafin a fara na fara taɓa ta. Alhali kuwa rabin aikin fitilar bibiya a hannun mai riƙe da ita yake. Sai ya san inda ɗan wasa zai ɓullo ya saita tun a duhu, don kar ya buɗe haske a kan bango sannan ya shiga lalube. Sai ya san yadda zai bar ɗan fili a saman kai, ya kuma bi mutum daga ƙugu, ba daga hannun da yake wurgawa ba. Sai ya iya rufewa a hankali daidai da numfashin jawabi. Wannan ba a koyonsa a dare ɗaya. Ƙaramar fitila a hannun wanda ya yi mako shida yana gwaji da ita ta fi Super Trouper a hannun baƙo.

Akwai masu cewa a sayi irin fitilun nan masu juya kai da DJ ke kawowa gidan biki. Suna da kyau a wurin rawa, amma haskensu siriri ne kamar sanda, kuma da na'ura ake tsara motsinsu tun kafin wasa. 'Yan wasanmu kuwa jikokin masu tashe ne da su Samanja da Ƙarƙuzu. In 'yan kallo suka yi dariya, ɗan wasa zai ƙara taku uku ya ƙirƙiro magana nan take. Na'ura ba ta san an yi dariya ba. Mutum ne kaɗai zai bi mutum.

Sai 'yan'uwana na Injiniya da ke cewa, "Mu da muke foliteknik, mu ƙera tamu mana!" Wannan magana ta fi kowace daɗi a kunnena, kuma rabinta nake goyon baya. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Panteka a Kaduna ya san abin da hannun mutanenmu ke iya yi da ƙarfe. Ƙafafu uku masu ƙarfi, da mariƙin da zai juya sumul ba ya ƙara, da dakalin tsayawa mai tsawon mita biyu da makari don kar mutum ya faɗo, duk waɗannan a wokshof ɗinmu ya kamata a yi su. Dakalin nan ma ba ado ba ne: idan fitila tana daidai da kan mutane, duk wanda ya miƙe zai yanke hasken, ɗan wasa ya makance, inuwarsa ta zauna ɓaro-ɓaro a labule. Amma kan fitilar kansa, da gilasan da ke tattara haske da idon da ke tsukewa, aiki ne na daidaito da ba a gama shi a zango ɗaya. A sayi ta farko. Ta biyu ta zama furojet ɗin 'yan HND, su buɗe wadda aka saya su auna, su kwaikwaya, malami ya duba, a kuma tabbatar an haɗa mata wayar ƙasa kafin kowa ya riƙe ta da hannu mai gumi.

Masu cewa a bar zancen fitila gaba ɗaya su ma ba zan raina su ba. Gaskiya ne wasan kwaikwayo bai taɓa jiran lantarki ba a ƙasar Hausa. Da hasken farin wata da aci-bal-bal aka yi tashe. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, gidan wasan da aka gina da jar ƙasa a tsakiyar shekarun 1970 ya yi suna har ƙasashen waje, kuma daga can ne malamai da ɗalibai suka riƙa shiga Samaru da ƙauyuka suna wasa da manoma da rana tsaka, a ƙarƙashin bishiya. Amma kar mu manta, a wannan zamanin ne Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandamali, aka buga shi a 1975, shi kuwa Lyndersay, mutumin Tirinidad, da aikin hasken dandamali aka san shi. Ke nan magabatanmu ba su ɗauki haske a matsayin almubazzaranci ba, sun dai san inda ake buƙatarsa. Mu da dare muke wasa, don da rana muna aji, abokan wasanmu kuma suna wurin sana'a. A ɗaki mai tsawo muke wasa. Wanda ke layin ƙarshe shi ma ya biya kuɗin ƙungiya.

Ga masu cewa wasan kansa ba shi da amfani, amsa ɗaya gare ni. Wace hanya ce kuma muke da ita da ɗalibi da ɗan unguwa ke zama a tabarma ɗaya suna aiki ɗaya? Mu da ke haya a cikin unguwar nan mun san yadda ake kallonmu, mun kuma san yadda wasunmu ke kallonsu. Bayan wancan wasan, duk da duhun, wani dattijo ya riƙe hannuna a bakin ƙofa ya ce, "Ɗana, yaushe za ku sake? Akwai yaron da nake so in kawo." Na ce, "Baba, in sha Allahu ba da daɗewa ba." Wannan alkawarin yana wuyana.

Saboda haka ga abin da nake roƙon majalisa. Kar a kashe fiye da rabin tallafin a kan fitilar bibiya. Sauran a raba shi: fitilun LED huɗu ko shida na haskaka dandamali gaba ɗaya, don fitilar bibiya gishiri ce, ba a cin ta ita kaɗai, waya mai kauri ta gaske da soket masu fis, maimakon 'yan siraran da ke narkewa, na'urar kariya daga hauhawar wuta, batiri da inbata, ƙarfen dakali, da akwati mai kwaɗo. A kafa kwamitin mutum uku su je sayayya: ɗaya daga ƙungiyar wasa, ɗaya daga sashen Lantarki, ɗaya daga ofishin ma'aji. Su tafi da tef, a kunna kaya a gabansu na aƙalla rabin awa, su karɓo rasit da alkawarin canji a rubuce, a kuma liƙa kwafin rasit ɗin a allon sanarwa kowa ya gani. Wanda bai ci komai ba, ba ya tsoron allo.

Sannan a rubuta dokar ajiya tun kafin kaya su iso, don tun ran gini ran zane. Dukanmu mun san yadda kayan ƙungiya ke tafiya bikin ƙanwar wani su dawo ba ƙafa ɗaya, ko su bi wani shugaba gida ranar da ya kammala karatu. A buɗe littafi: wa ya ɗauka, yaushe, a wane hali ya dawo da ita. A saka ta cikin takardar miƙa mulki. A horar da aƙalla mutum huɗu duk shekara, biyu daga cikinsu 'yan ND 1, kuma a sa mata a ciki, don ƙaramar fitila ba ta buƙatar ƙwanji, natsuwa take so. A sa ɗaya daga matasan unguwa shi ma, tunda mu baƙi ne, shekara biyu ko huɗu mu tafi, su kuwa suna nan. Wanda ya iya wannan aiki ya sami sana'a: wuraren biki, majami'u, tarukan makarantu da masu shirya fim duk suna neman wanda ya san haske.

Ya ku 'yan majalisa masu girma, kuɗin nan na ɗalibai ne, wasu sai da suka haƙura da abincin rana kafin su biya. Ku tambayi duk wanda ya kawo muku takardar farashi: mita nawa, digiri nawa, wat nawa, ina ake samun ƙwanta? In ya amsa, ku saurare shi, ko da ra'ayinsa ya saɓa wa nawa. In ya ce muku "ai babba ce", ku ce ya je ya dawo. Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai, zaman majalisa a buɗe yake, ku zo ku zauna a baya ku ji yadda za a yi da kuɗinku.

Yarinyar nan ta ce za ta sake fitowa a wasa na gaba, mahaifiyarta ma ta ce za ta dawo. Ni zan kasance can baya a kan dakali, in Allah ya kai mu. Fatana wannan karon ta ga fuskar 'yarta.